Dattijon da na yi jinya a Edinbara da kiɗan da bai manta ba

Assalamu alaikum. Ni mutumin Gusau ne. Aikin jinya na karanta, kuma na yi shekaru ina yinsa a gida kafin in fito. A 2022, da gwamnatin Birtaniya ta buɗe ƙofar biza ga masu aikin kula da tsofaffi, ina cikin waɗanda suka sayar da ɗan abin hannunsu suka taho. Na bar uwargida da yara a wurin Inna, na sauka a Edinbara, babban birnin Sikotilan. Ba labarin biza zan ba ku ba, wannan kowa ya ji har ya ƙoshi. Labarin wani dattijo ne da aka damƙa mini amanarsa, da wani irin kiɗa da ban taɓa sanin akwai shi a duniya ba.

Sunansa ba zai fito daga bakina ba. A can al'adarsu a kira mutum da sunansa gatsal ko da ya yi jika da kai, ni kuwa harshena ya ƙi. Sai na riƙa ce masa Baba, 'yarsa ta ce ba laifi, shi ma a hankali ya fara amsawa. Ya doshi shekara tamanin, tsohon malamin sakandare ne da ya koyar da kimiyyar halittu har ya yi ritaya. Matarsa ta rasu, gigin tsufa ya kama shi, yana zaune shi kaɗai a gidan da ya tsufa a ciki. 'Yar tana aiki a Gilasgo, sai ƙarshen mako take zuwa. Aikina in yi masa wanka, in shirya abinci, in ba da magani, in kwana a ƙaramin ɗakin da ke kusa da nasa.

Da safe mutumin kirki ne, mai barkwanci. Amma da zarar rana ta yi sanyi sai ya zama wani daban. Duk wanda ya yi jinyar masu wannan lalura ya san da wannan sa'a. Ga shi a Edinbara cikin watan Disamba kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi, wato ana idar da la'asar magariba ta kawo kai. Sai Baba ya ɗauki rigar sanyinsa, ya nufi ƙofa, ya ce matarsa na jiransa a tashar bas. In ka ce ta rasu, ka sabunta masa mutuwar kamar yau aka yi ta. In ka tare ƙofar, ka zama ɓarawon da ya shigo masa gida. Akwai ranar da ya hankaɗa ni har na bugi bango, bayan ɗan lokaci kuma ya zauna yana kuka yana tambayata ko wane ne ni. Dare ya yi ta yi mini tsawo. Ina kwance ina lissafin bashin da na ciwo na taho, ina jin takun sawunsa a tsakar gida.

'Yar ce ta zo da shawarar kiɗa. Akwai wata ƙungiyar agaji a Sikotilan mai suna Playlist for Life, wadda 'yar jarida Sally Magnusson ta kafa a 2013 bayan ta yi jinyar mahaifiyarta. Abin da suke koya wa iyalai shi ne a nemo kiɗan da mutum ya shaƙu da shi a ƙuruciya da samartaka, domin sau da yawa shi ne ke saura a kai bayan sunaye da fuskoki sun zube. Ta buɗe wani kabad a falo, sai ga faya-fayan garmaho jere, ta zaro ɗaya mai bango kala-kala kamar an zubar da fenti. Ta ce mini, wannan shi ne abin da ya ishe mu da shi muna yara. Sunan makaɗan The Incredible String Band.

Ta ɗora allura. Jita ce ta fara, a hankali, sai wani sauti ya biyo bayanta, siriri, mai kaushi, yana jan kuka yana lanƙwasa. Tsigar jikina ta tashi, domin na san wannan kukan. Ƙanin Inna makaɗin kukuma ne. Na tashi ina ganin Kawu yana shafa ƙaro a izga, yana kanga ƙoƙon a jikin wuta da sanyin safiya don fatar ta ɗaure. Abin da ke fita daga garmahon nan ba kukuma ba ne, amma daga ji ka san fata ce aka rufa a kan itace, ake goga tsirkiya. Goge irin na Turawa sautinsa sumul yake, wannan kuwa da ƙura a muryarsa. Na juya zan tambayi 'yar, sai na ga Baba ya saki hannun ƙofa. Ya dawo ya zauna da rigar sanyin a jikinsa, leɓensa na motsi. Mutumin da ɗazu bai gane 'yarsa ba, yana bin waƙar baiti bayan baiti.

Daga ranar garmaho ya shiga cikin jadawalin magani. Ni kuma, tun da dole in zauna in juya faifai, dole na saurara.

Ba zan ɓoye muku ba, in ka cire wancan kukan tsirkiyar, sauran kiɗan da farko hayaniya ya zame mini. Mun saba waƙa ta kama hanya ɗaya, kalangu ko ƙwarya su riƙe mata ƙugu, mawaƙi ya yi jagora 'yan amshi su karɓa. Waɗannan mutane ba su san da wannan doka ba. Waƙa za ta fara a hankali, kana shirin kama bugunta sai ta zabura, kana binta sai ta tsaya cak, ta dawo da wani kari daban kamar an shiga wata waƙar. Ganga ma ba kasafai ake jin ta ba, sai 'yan ƙananan ganguna na hannu da ƙararrawa da kacau-kacau. Ɗaya daga cikin mawaƙan kuma ba ya tsayawa a kan sauti ɗaya. Zai kama gaɓa guda ya yi ta murɗa ta, ya hau da ita ya sauko, ta hanci, har ka ce ya ɓata hanya, sai ka ga ya dira daidai inda jitar ke jiransa. Na taɓa duba garmahon ko belinsa ne ya saki. Lafiyarsa lau.

Tarihinsu a bakin Baba na fara jinsa, a safiyoyin da kansa ke washewa, sauran kuma na cike daga bayanan da ke jikin faya-fayan da abin da 'yar ta sani. Su uku suka fara: Robin Williamson da Mike Heron, 'yan asalin Edinbara, da Clive Palmer, mutumin Landan mai kaɗa banjo. Williamson da Palmer sun daɗe suna kiɗan gargajiyar Sikotilan da Ailan da na ƙauyukan Amurka a wata mashaya da ake kira Crown, kuma a nan Baba ya fara ganinsu yana ɗalibin jami'a. Heron ya shigo daga baya. A 1966 Palmer ya buɗe wani kulob na kwana-zaune a titin Sauchiehall da ke Gilasgo, wanda bai daɗe ba 'yan sanda suka rufe shi. Baba ya ce su kan hau jirgin ƙasa ranar Asabar su je, su kwana suna saurare, su dawo da asuba babu ko kuɗin shayi. In yana ba da wannan labarin har tsayin matakalar benen yake kwatanta mini. A shekarar ne wani Ba'amurke, Joe Boyd, wanda ke riƙe da ofishin kamfanin faya-fayan kiɗa na Elektra a Landan, ya ɗauke su suka naɗi faifansu na farko.

Wannan na farkon kiɗan gargajiya ne kusan tsantsa, ba wani abin ruɗani a ciki. Abin da ya canza su tafiya ce. Faifan na fita Palmer ya kama hanyar Afganistan da Indiya, Williamson ya tafi Maroko da niyyar ba zai dawo ba, Heron ya zauna a gida. Da kuɗin Williamson suka ƙare ya dawo, ɗauke da tarkacen kayan kiɗa: sarewa, ganguna, da wani abu mai suna gimbiri. Shi ne abin da na ji. Gimbiri itace ne da aka fafe aka rufe da fata, mai tsirkiya uku, ɗan uwan garaya da molo. A Maroko an fi saninsa a hannun Ginawa, jikokin bayin da aka tsallaka da su Sahara daga ƙasashenmu na yamma, har da ƙasar Hausa. Su da yatsa suke kaɗa shi. Williamson ya ga dama ya sa masa baka mai izga ya riƙa gogawa. Wato abin ya bar wajenmu ta hanyar ayari, ya zauna a Maroko ƙarnoni, wani Bature ya ɗauke shi ya yi masa riƙon da ba nasa ba, sai sautin ya faɗo kusa da na Kawu. Baba ya ce daga baya ɓeraye ne suka cinye gimbirin, kuma duk sanda ya zo nan a labarin sai ya yi dariya har da tari.

Su biyun, Williamson da Heron, suka ci gaba. A 1967 suka fitar da faifan nan mai bango kala-kala, The 5000 Spirits or the Layers of the Onion, wanda wasu masu zane 'yan Holan suka yi wa bangon. A watan Maris na 1968 kuma suka fitar da The Hangman's Beautiful Daughter, wanda ya kai mataki na 5 a jerin faya-fayan da aka fi saye a Birtaniya, har aka sa shi cikin masu takarar kyautar Grammy. Wannan na biyun ne na fi juyawa. A bangonsa hoton mutane ne da yara tsaye a daji cikin sanyi, sanye da tufafi kamar masu tashe. In ka karanta jerin kayan kiɗan da ke baya sai ka ɗauka mutum ashirin ne: jita, gimbiri, sitar ta Indiya, udu na Larabawa, wata 'yar algaita, sarewa iri-iri, fiyano, ogan, bambaro na ƙarfe, har da ruwa da ake motsawa a cikin mazubi. Alhali kusan duka mutum biyu ne suka kaɗa, da 'yan baƙi kaɗan. A ɗakin naɗar sauti na Sound Techniques da ke Landan suka riƙa ɗora sauti a kan sauti, wannan ya kaɗa ya koma ya sake kaɗa wani abin a kai.

Wannan salon ne Turawa ke kira kiɗan gargajiya na saikadelik, kuma ba sai an yi kwana-kwana ba, yana da alaƙa da ƙwaya. Zamanin LSD ne, ƙwayar da ke sa mutum ya ga launuka da siffofi suna narkewa, wadda Birtaniya ta haramta a 1966. Makaɗan wannan zamani da yawa sun so su yi kiɗan da zai kwaikwayi wannan yanayi. Akasarinsu da jitar lantarki da ƙara suka neme shi. Waɗannan kuwa da itace da fata da iska suka neme shi: sauti ɗaya da ke ta gunji a ƙasa ba ya motsi, muryoyi na yawo a samansa, waƙa na sauya kama ba tare da sallama ba, kalmomi kuma kamar mafarkin yaro. Ni da na yi aiki a asibiti a gida, na ga abin da kodin da tiramol suka yi wa samarinmu, wannan bayani bai yi mini daɗi ba. Na faɗa wa Baba haka wata safiya. Ya yi shiru, sannan ya ce shi ma ya san waɗanda suka tafi ba su dawo ba, ya ambaci wani abokinsa da ya ƙare a asibitin masu taɓin hankali. Ya ƙara da cewa amma ƙwaya ba ta taɓa koya wa kowa ɗaura tsirkiya ba. Ban yi masa musu ba, ban kuma sauya ra'ayina a kan ƙwaya ba.

Abin da ya buɗe mini kunne shi ne rarrabe mutum biyun. Ba sa rubuta waƙa tare a wancan lokaci. Kowa da tasa yake zuwa, ɗayan kuma ya yi mata ado da duk abin da hannunsa ya kai. An ce ma ba wani jituwa suke sosai ba, Palmer ne abokin kowannensu, da ya tafi sai aka bar su suna gasa. Waƙoƙin Heron suna da ƙasa a ƙarƙashinsu, muryarsa mai ɗumi ce, yana son kari mai sauƙi da za ka iya bi, yana waƙar bushiya da gajimare da ƙananan halittu kamar mai yi wa yara tatsuniya. Williamson shi ne mai murɗa murya, kalmominsa cike da almara da mayu da alloli na tsoffin al'ummai, kuma da gangan yake kauce wa inda kunnenka ke jiransa. Da na gane wannan sai na ga ashe rikicin da nake ji na mutum biyu ne masu jan igiya ɗaya, kowa na ja wajensa, kuma daɗin yana wurin da igiyar ta ɗaure ba ta tsinke ba. In Heron ya yi sauƙi da yawa, gimbirin Williamson ya zo ya yi masa ƙaiƙayi. In Williamson ya yi nisa cikin hazo, sai ogan ko sitar ɗin Heron su riƙe masa ƙafa.

Akwai waƙar da ke rufe fuskar farko ta faifan 1968, mai tsawon kusan minti 13. Ta Heron ce. A cikinta akwai wani yanki da ya aro daga waƙar bankwana da mamaci ta mutanen tsibiran Bahamas, mai jagora da amshi da tafi, akwai inda yake magana da bakin amiba, 'yar mitsitsiyar halittar nan mai ƙwayar halitta ɗaya tak da ke rabuwa biyu, sannan a rufe da addu'ar fatan alheri da ake ta maimaitawa. In aka zo wurin amiba sai malamin da ke cikin Baba ya farka. Ya ɗaga yatsa, ya juyo gare ni kamar ina ajinsa, ya bayyana mini yadda take miƙa jikinta ta kewaye abinci, yadda take tsagewa ta zama biyu ba tare da ta mutu ba. Kullum bayani ɗaya, kullum kamar yau ya fara yinsa. Ni da na ci jarrabawar wannan darasi tun a sakandare sai in ce, to Baba, daga nan fa? Ya ci gaba. In waƙar ta kai wurin addu'ar nan ta ƙarshe, jikinsa ya riga ya saki, a nan nake cire masa rigar sanyi in kawo abinci.

Ba duk faifan ne magani ba. A fuska ta biyu, waƙar da ke kafin ta ƙarshe tana da wani kururuwa da Williamson ke yi a bayan muryar Heron, kamar iska a kango. Ranar da na bar ta ta wuce Baba ya firgita, ya ce akwai mutum a taga. Tun daga nan nake ɗage allura kafin a iso ta. Wata kuma ta barkwanci ce, da fiyano da taron maza suna amshi da manyan muryoyi, ita nake sa masa in zan yi masa aski don ta sa shi dariya. Waƙar da ake jin motsin ruwa a cikinta, da wani ƙaramin ogan mai muryar sarewa, ita ce ta lokacin kwanciya. Haka na zauna na san faifan nan kamar yadda na san ɗakin magani: wannan na ƙarfe kaza, wancan ba a haɗa shi da duhu.

Wani zai ce, kai Musulmi me ya kai ka? Tambayar ta zo mini ni ma. Kalmominsu sun cakuɗa addinai kamar yadda suka cakuɗa kayan kiɗa, a ɗebo daga Kiristanci, a ɗebo daga Hindu, a ɗebo daga tsafin Turawan da. Su kansu daga ƙarshen 1968 suka faɗa ƙungiyar addinin nan ta Sayantoloji, kuma Baba na cikin masu cewa daga nan kiɗansu ya fara lalacewa. Ni ban ɗauki aƙida a wurinsu ba. In lokacin salla ya yi nakan rage sauti in shimfiɗa darduma a ɗakina, Baba kuma, a ranakun da yake gane abin da nake yi, da kansa yake cewa in kashe gaba ɗaya har in idar. Abin da na sani shi ne an ba ni amanar mutum mai firgita, kuma na sami abin da ke kwantar da shi ba tare da an ƙara masa ƙwayar barci ba.

Ina da ƙorafina a kansu ta fuskar sana'a. A gidan su Kawu yaro kan yi shekaru yana ɗaukar kaya yana kaɗa ƙwarya kafin a bar shi ya taɓa kukuma a gaban mutane. Waɗannan kuwa mutum zai sayi sitar yau, gobe ya shiga da ita ɗakin naɗa. Wanda ya san sitar ta gaskiya zai ji hannun ɗan koyo ne. A faifan 1967 ma sai da suka ɗauko wani masani, Nazir Jairazbhoy, ya kaɗa musu ita. Daga baya suka shigo da 'yan matansu biyu, Licorice McKechnie da Rose Simpson, cikin ƙungiyar, kuma Simpson a cikin aikin ta koyi jitar bes. Akwai wuraren da murya ke zamewa, akwai inda sarewa ke shigowa a makare, ba su goge ba. Da farko na ɗauka raini ne ga sana'a. Daga baya na lura ba su taɓa cewa su makaɗan Indiya ko na Maroko ba ne. Launi suke nema, kuma a jita da tsara waƙa, inda nan ne gidansu, ba wanda zai kira su 'yan koyo. Duk da haka har yau ina ganin da Williamson ya ƙara ko shekara ɗaya a Maroko a gaban malami, da gimbirin ya faɗi abin da ya fi haka.

Don in tabbatar, na ɗauki waƙar farkon nan a waya na tura wa Kawu ta WhatsApp, ta wayar ɗansa. Ya tsufa yanzu, ya ajiye kukuma tun da ya dawo daga Makka. Amsarsa ta zo da muryarsa: "Ɗan nan, wane ne wannan? Yana da kunne, amma hannunsa ɗanye ne. Ka ce masa ya rage danna izgar, ba faɗa ake yi da ita ba. Kuma ina masu ƙwaryarsa, shi kaɗai aka bari?" Na fassara wa Baba da safe. Ya ce in sake kunna muryar Kawu, ya saurara har ƙarshe duk da ba ya jin ko kalma ɗaya, sannan ya ce in gaya wa Kawu saƙon ya makara da shekara hamsin da wani abu. Kawu ya aiko cewa gyara ba ya makara, kuma in turo masa sauran. Na tura masa mai minti 13. Wannan ya ce ta fi, domin aƙalla an yi amshi an yi tafi kamar mutane.

Yadda ƙungiyar ta ƙare Baba ba ya son zancen. Sun je babban taron kiɗa na Woodstock a Amurka a watan Agusta na 1969. An shirya su hau ranar Juma'a da dare, aka yi ruwa, suka ƙi hawa, aka mayar da su Asabar a tsakiyar masu kiɗan lantarki, gaban taron da ke son ƙara. Ba su yi armashi ba, ba su kuma fito a fim ɗin taron ba. Suka koma zama tare a wasu jerin gidaje a karkarar kudancin Sikotilan, kusa da Innerleithen, suka yi ta sauya mutane, suka ƙara lantarki da ganguna, har suka watse a 1974. Sun sake haɗuwa daga 1999 zuwa 2006, Palmer kuma ya rasu a 2014. 'Yar ta ce ta kai mahaifinta kallonsu a wancan dawowar, ya fito yana cewa tsofaffi ne kawai ke kwaikwayon yaran da ya sani. A kabad ɗinsa faya-fayan bayan 1969 suna nan sababbi fil, na 1967 da 1968 kuwa bangonsu ya sha selotef.

Lalurar ba ta tsaya ba, ba ta tsayawa. A hankali safiyoyin labari suka ragu. Ya daina bayanin amiba, sai ɗaga yatsan kawai yake yi in an zo wurin. Ya faɗi a banɗaki cikin dare, ƙashin ƙugunsa ya karye, bayan asibiti kuma likitoci da 'yar suka yanke shawarar ya koma gidan kula da tsofaffi, inda akwai ma'aikata dare da rana. Ni aka tura ni wurin wata tsohuwa a wata unguwa, mai son rediyo da labarin ƙwallo.

Da zan miƙa aiki, bayan takardar magani da ta abinci, na ƙara shafi guda na kiɗa. Na rubuta wace waƙa ake sawa in rana ta kusa faɗuwa, wacce ake tsallakewa, wacce ta dace da aski, da cewa a fara tun kafin ya nemi rigar sanyi, kada a jira sai ya tashi. Ma'aikatan sun karɓa da hannu biyu, 'yar ta zuba musu waƙoƙin a waya. Bayan ɗan lokaci ta kira ni ta ce abin ba ya aiki kamar da. Da na je sai na tarar wayar tana zaɓo waƙoƙin barkatai, ta ɗauko daga wannan faifai ta haɗa da wancan. Baba kuwa a jere ya haddace su. In waƙa ta ƙare, kansa ya riga ya shiga wadda ke biye, in wata daban ta fito sai ya ruɗe ya fara neman ƙofa. Muka gyara wayar, muka kuma nemi izini aka kawo garmahon ɗakinsa da faya-fayan nan biyu. Ranar Lahadi da ba ni da aiki nakan hau bas in je in juya masa da hannuna. Yanzu bai san ni ba, yakan ɗauka ni mai gyaran hita ne, amma yana barina in zauna, kuma wata ma'aikaciya 'yar Filifin ta koyi inda ake ɗage allura a fuska ta biyu.